Dutsen Tirumala: Bashin Auren Da Har Yau Ba A Gama Biya Ba

 Wadda ke tankaɗe ta ci gaba da tankaɗenta, mai tsifa ta ci gaba, kunne kawai nake roƙo.

Wace ce a cikinmu ba ta san bashin biki ba? A yi lefe, a yi kayan ɗaki, a yi gara, 'yan biki su watse, a bar iyaye da lissafi. Wani gidan har a yi sunan fari ba a gama biyan kuɗin gado ba. To yau zan kai ku ƙasar Indiya, kan wani dutse da mabiya addinin Hindu suka yi imani cewa abin bautar da ke kansa ya ci bashi ya yi aure, kuma wai har yanzu kuɗin ruwa yake biya, bai ma taɓa uwar kuɗin ba. Mu dai tarihi ya kai mu. Zan faɗa muku abin da masu wurin suke faɗa, sannan in faɗa muku abin da aka samu a rubuce, domin ba ɗaya ba ne.

Sunan dutsen Tirumala, garin da ke gindinsa kuma Tirupati, a jihar Andhra Pradesh can kudancin Indiya, tafiyar 'yan sa'o'i a mota daga birnin Chennai wanda a da ake kira Madras. Harshen mutanen wurin Telugu, kuma da yawa daga cikin finafinan Indiya da ake fassara mana da Hausa daga wannan yanki suke fitowa. Duwatsu bakwai ne a jere, tsayin wurin ya haura mita 850, masu wurin suna cewa kawuna bakwai ne na wani ƙaton maciji da abin bautarsu Vishnu yake kwanciya a kansa. A tsakiyarsu aka gina ɗakin bautar. Gunkin da ke ciki na baƙin dutse ne, a tsaye, suna kiransa Venkateswara, ko Srinivasa, ko Balaji, ko Govinda. E, sunan nan dai na ɗan fim ɗin da kuka sani, daga sunan abin bauta aka samo shi. A rana guda mutum dubu 60 zuwa dubu 80 ne ke shiga ganinsa, ranar biki kuwa ya wuce haka nesa.

Labarin da suke bayarwa ya fara ne da yaji. Wai wani babban mai ilmi a cikinsu, Bhrigu, ya tashi ya gwada manyan ababen bautarsu uku don ya ga wanda ya fi haƙuri. Da ya iso wurin Vishnu ya tarar da shi a kwance, bai tashi ya tarbe shi ba, sai ya ɗaga ƙafa ya shure shi a ƙirji. Maimakon Vishnu ya yi fushi, sai ya kama ƙafar baƙon yana mammatsawa yana ba shi haƙuri. Matarsa Lakshmi, wadda a wurinsu ita ce mai dukiya da arziki, ta ce ba da ita ba. A ƙirjin nan take zaune, an shure mata ɗaki, mijin kuma ya ɓige da lallashin wanda ya yi shurin. Ta tattara ta sauko duniya, ta tare a garin Kolhapur. Kun ga da ta tafi, arzikin gidan ya bi ta.

Miji ya fito biko, ba ko sisi. Ya yi ta yawo har ya iso wannan dutse, ya shige cikin wani suri ya zauna, ba ci ba sha. Wata saniya daga garken sarkin ƙasar ta riƙa zuwa kullum tana tsiyaya masa nono ta bakin ramin. A gida aka ga saniya ta daina ba da nono, makiyayi ya bi sawunta, da ya ga abin da take yi ya ɗaga gatari zai sare ta. Na cikin suri ya miƙe ya tare, gatari ya same shi a ka, gashin wurin ya tafi. Sai ga wata gimbiya mai suna Neela Devi, ta ga kyakkyawar fuska da tabo a ka, ta ji abin bai yi mata daɗi ba, ta yanki gashinta ta dasa masa. Shi kuma ya yi mata alkawari cewa duk wanda ya zo wurinsa har ƙarshen zamani zai ba da gashinsa, kuma ita za ta karɓa. Ɗaya daga cikin duwatsun bakwai sunanta yake ɗauke da shi, Neeladri. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Daga nan wata tsohuwa, Vakula Devi, ta riƙe shi kamar ɗan cikinta. Ran nan ya fita farauta, ya bi giwa har cikin lambun sarki Akasa Raja, ya yi arba da 'yar sarki, Padmavati. Kuyanginta suka kore shi da jifa, ya koma gida ya kwanta ciwon so. Tsohuwa ta ɗauki sanda ta tafi neman aure, shi kuma, don kada a samu matsala, wai sai ya rikiɗa ya zama mace mai duba, ya riga ta shiga gidan sarki, ya duba hannun yarinya ya ce ga mijin da za ta aura. Na san wannan ya yi muku kama da fim, ai daga irin waɗannan labarai masu fim ɗin suke ɗiba.

Aka ba shi. To ina kuɗin auren 'yar sarki ga mutumin da ke kwana a daji? Sai ya je wurin Kubera, ma'ajin dukiyar ababen bautarsu, ya ci bashi, aka rubuta takarda da shaidu. Masu ba da labarin sukan ce tsabar zinariya miliyan 11 da dubu 400 ne. Sharaɗin shi ne zai yi ta biyan kuɗin ruwa har ƙarshen wannan zamani da suke kira Kali Yuga, wanda a lissafinsu shekara 432,000 ne, kuma dubu biyar da 'yan kai kawai aka ci. Saboda haka duk wanda ya jefa kuɗi a cikin babban asusun wurin, wanda suke kira hundi, a ransa yana taya ango biyan bashi ne, yana kuma sa ran a rama masa. A cikin garin Tirupati akwai wani ɗakin bauta na Govindaraja, wanda suke cewa wansa ne. Gunkinsa a kwance yake ya yi matashin kai da mudu. Wai shi aka sa awon kuɗin, ya yi ta awo har ya gaji, barci ya kwashe shi. Amaryar kuwa ba ta tare a kan dutsen ba, nata ɗakin bautar yana ƙasa, a Tiruchanur, kuma maziyarta da yawa ba sa ganin ziyararsu ta cika sai sun biya ta wurinta.

Wannan labarin baka ke nan. Abin da aka samu a rubuce kuwa, tsofaffin waƙoƙin harshen Tamil na fiye da shekara dubu da suka wuce sun ambaci dutsen da sunan Vengadam. A jikin bangon ɗakin bautar akwai ɗaruruwan rubuce-rubuce da aka sassaƙa, kusan duk lissafin kyauta ne, wane ya ba da kaza, a kunna fitila kaza, a dafa shinkafa mudu kaza. Ɗaya daga cikin mafi tsufa na mace ne. A shekarar 966 wata sarauniya ta gidan sarautar Pallava mai suna Samavai ta ba da kayan ado da gonaki, ta kuma sa aka ƙera ƙaramin gunki na azurfa, wanda har yau ana amfani da shi a hidimar wurin. Bayan ita, wani babban malaminsu, Ramanuja, wanda ya rayu a ƙarni na 11 zuwa na 12, shi ake danganta wa tsara yadda ake bautar da raba gardamar ko gunkin na Vishnu ne ko na Shiva.

Dukiya ta gaske ta shigo ne a zamanin daular Vijayanagara. Sarkinta Krishnadevaraya, wanda ya yi mulki daga 1509 zuwa 1529, sau bakwai yana hawa dutsen, ya ba da kambi da duwatsu masu daraja, ya sa aka shafe hasumiyar ɗakin da ruwan zinariya. Har yau idan mutum ya shiga ƙofa zai ga mutum-mutuminsa na ƙarfe a tsaye ya haɗa tafin hannu, matansa biyu, Tirumala Devi da Chinna Devi, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Ko a nan bai yarda ya bar wata a gida ba. Kafin shi an yi wani mawaƙi, Annamacharya, wanda ya rayu daga 1408 zuwa 1503. Ana cewa ya yi waƙa 32,000, an kuma samu dubbai daga ciki a rubuce a kan faifan jan ƙarfe, a ɓoye cikin wani ɗan ɗaki a harabar, bayan an yi ɗaruruwan shekaru an manta da su.

Da daular ta karye bayan yaƙin 1565, wurin ya yi ta sauya hannu, daga sarakunan Golconda zuwa na Arcot, kowa ya zo idonsa na kan asusun. A 1801 kamfanin Turawan Ingila da ke mulkin Indiya ya karɓa, shi ma ya ci gaba da kwasar kuɗin shiga, har a 1821 ya rubuta dokokin tafiyar da wurin. Sai masu wa'azin Kirista a Ingila suka tayar da ƙura, suka ce ina ruwan gwamnatinsu da cin kuɗin gumaka. A 1843 kamfanin ya miƙa wurin ga shugabannin wata zawiyar 'yan Hindu. Dokar 1932 ce ta kafa hukumar da ke riƙe da shi har yau, a ƙarƙashin gwamnatin jiha.

Amma wadda ta fi tsaya mini a rai a duk tarihin nan ita ce Tarigonda Vengamamba, da aka haifa a 1730. An yi mata aure tana ƙarama, mijin ya mutu tun ba a je ko'ina ba. A al'adar manyan gidajensu a wancan zamani, macen da mijinta ya mutu ta gama yawo: a aske mata kai, a cire mata ado, ta sa farin zane, ba ta ƙara aure har ta mutu. Ba takaba ce ta 'yan watanni ba. Vengamamba ta ƙi. Ta ce ita abin bautar kan dutsen ne mijinta, kuma bai mutu ba. Mutanen ƙauye suka matsa mata lamba, ta bar musu garin ta hau Tirumala, ta zauna tana rubuta littattafai da waƙoƙi cikin Telugu, tana ciyar da maziyarta. Ta rasu a 1817. Yau hidimar ƙarshe da ake yi da dare kafin a rufe ƙofa tana da alaƙa da sunanta, kuma katafaren ɗakin cin abincin da aka buɗe a 2011, inda ake ciyar da dubban mutane kyauta kullum, sunanta aka sa masa. Ku duba fa, dutsen da mata ke tururuwa su aske kansu da son ransu, macen da aka fi tunawa a kansa ita ce wadda aka ce ta aske ta ce a'a.

Yanzu bari mu bi mai ziyara. Sau da yawa abin yana farawa ne daga gida, da bakance. Yaro ba lafiya, ko an daɗe ba haihuwa, ko 'ya ta girma ba miji, ko jarrabawa. Sai mace ta ƙulle 'yan kuɗi a ƙyalle mai ruwan ɗorawa ta ajiye, ta ce idan buƙata ta biya za ta hau dutse. Tun 1944 akwai hanyar mota, an ƙara ta biyu a 1974, amma mai bakancen ƙafa ƙafa za ta taka. Tsohuwar hanyar Alipiri matakala 3,550 ce, tafiyar sa'a uku zuwa biyar, yawanci ba takalmi. Za ki ga mace ta duƙa tana shafa kurkum da jan gari a kan kowace matakala ɗaya bayan ɗaya, tun daga ƙasa har sama, wani kuma yana hawan wuri mafi tsauri da gwiwa. Duk hanya ana ta kiran Govinda, Govinda. Daji ne sosai. A watan Agusta na 2023 damisa ta kashe wata yarinya 'yar shekara shida a kan wannan hanya, har hukumar ta shiga raba wa masu tafiya sanduna.

A can sama akwai ƙa'idoji. Ba nama, ba giya, ba taba. Furen nan da muke gani matan Indiya na soka wa a gashi, a Tirumala al'ada ta hana, wai duk furen dutsen na mai dutsen ne. Ana wanka a wani tafki, a fara gaida wani abin bauta mai suna Varaha, domin a labarinsu shi ne mai filin, ya ba da aron wuri bisa sharaɗin a riƙa fara gaishe shi. Wadda ta samu haihuwa takan ɗora jaririn a sikeli, a zuba sukari ko mazarƙwaila ko tsabar kuɗi daidai nauyinsa a ba da. Sannan layi. Ana zuba mutane ne a manyan ɗakuna masu ƙofar ƙarfe, a buɗe wannan a rufe wancan, mai layin kyauta yakan yi sa'a goma ko ashirin, mai tikitin rupi 300 ya rage wahala. Bayan duk wannan, tsayuwa gaban gunkin 'yan daƙiƙoƙi ce, ma'aikata na jan hannunki kina waiwaye. Ko fuskar ba a gani sosai, domin an shafe goshin da farin kafur har ya kusa rufe idanu. Cunkoson yana da hatsari: ranar 8 ga Janairu 2025 mutum shida suka mutu a turmutsutsun karɓar tikiti a garin Tirupati.

Tsarabar wurin wani dunƙulallen abin zaƙi ne, laddu, kamar babban curin fura, da garin wani irin wake da sukari da man shanu da kashu da zabibi. Ana yin kusan 300,000 a rana, kuma tun 2009 doka ta hana kowa sayar da nasa da sunan Tirupati. Shi ya sa a 2024, da babban ministan jihar ya yi zargin an gauraya man shanun da kitsen dabba, ƙasar ta ɗauki zafi har Kotun Ƙoli ta sa a yi bincike. Asusun kuwa yana tara sama da rupi biliyan 10 a shekara, kuma a 2022 hukumar ta bayyana cewa tana da zinariya fiye da tan 10 a bankuna. Da kuɗin take tafiyar da asibitoci da makarantu da ciyarwa. Mai wannan dukiya ne ake cewa ana bin sa bashi.

To mu koma kan gashi. Akwai wani babban gini da ake kira Kalyanakatta, wanzamai ɗaruruwa, da mata a cikinsu, suna aiki dare da rana. A ba ki 'yar takarda da sabuwar reza, ki zauna a ƙasa gaban wanzami, a jiƙa kan, a ɗaure gashin gida biyu, cikin 'yan mintoci an yi miki ƙwal. Ba a biyan ko kwabo. Mutum dubu 20 zuwa 30 ake aske wa a rana, maza da mata da jarirai. Wadda ba za ta iya ba, sai a datsi silin gashi sau uku da almakashi. Ku da kuka san yadda 'yar Indiya ke renon gashinta tun tana yarinya, da man kwakwa, har ya sauko gadon baya, kun san ba ƙaramin abu ta bayar ba. Su suna cewa girman kai suke ajiyewa. Ni kuma abin da na lura, mai kuɗi zai jefa sarƙar zinariya a asusu ya koma gida ba a ga alama ba, matar manomi kuwa abin da take da shi ke nan, kuma wata da watanni duk wanda ya gan ta ya san ta biya.

A labari, Neela Devi ke karɓar gashin. A zahiri, hukuma ce ke kwashewa, a shanya, a ware shi bisa tsayi da launi, a yi gwanjonsa ta intanet, a wasu shekarun a samu sama da rupi biliyan ɗaya. 'Yan kasuwa na rububinsa domin an aske shi a lokaci guda, gindi na gefe ɗaya baki na gefe ɗaya, ba ya cukurkuɗewa, kuma yawancinsa bai taɓa ganin man shafe-shafen kanti ba. Daga nan sai masana'antu a Chennai da wasu garuruwa, inda mata ke zaune suna wankewa suna tajewa, sai Turai da Amurka da Sin da Afirka, a mayar da shi hular gashi da gashin ƙari. Kada ku ɗauka duk gashin kantin da kuke gani daga nan yake. Mai araha na roba ne, kuma ko a na mutum, mafi yawan abin da Indiya ke fitarwa wanda ya zube a mataji ne, masu bi gida-gida suke saye. Na ɗakin bauta shi ne mai tsadar, kuma sunan ƙasar da aka rubuta a jikin leda ba lallai ya zama nan ne asalinsa ba.

Wannan ciniki ya taɓa jawo rigima inda ba a zata ba. Matan aure na Yahudawa masu tsananin riƙo da addini suna rufe kansu, da yawa da hular gashi suke rufewa. A 2004 manyan malamansu suka aika aka binciko yadda ake aski a Tirumala, suka yanke cewa gashin abin da aka miƙa wa gunki ne, bai halatta a sa shi ba. Aka yi ta ƙona huluna masu tsada a kan titi a Isra'ila da Amurka, mata suka koma ɗaurin kallabi kafin a samo wani. Mu ma hukuncin ƙarin gashi sananne ne a wurin malamanmu, su za a tambaya.

Ita kuwa mai gashin ba ta da kaso a gwanjon, da yawansu ma ba sa tambayar inda ya tafi. Takan fito daga wurin wanzami ta yi wanka, a shafa mata kwaɓaɓɓen sandal a ka don ya yi sanyi, ta ja gefen sari ta rufe, ta shiga layi. Washegari ta gangaro da laddu a jaka, a raba wa maƙwabta ɗan gutsure-gutsure.

Lokaci ya kama mu. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu, a gaida maigida da yara.